Mai Gyaran Kabeji a La Trinidad

Ni ce Dominga, mai gyaran kabeji,
rumfa ta tara, kusa da famfo.
Ba ni da gona, ba ni da sikeli,
wuƙa ce tawa, sai 'yar kujera mai ƙafa uku.
Amma miƙo min kai ɗaya in ɓare,
in gaya maka abin da sama ta aikata
a kan duwatsu daren shekaranjiya.

A Janairu raɓa kan daskare a Atok.
Ganye ya iso da gefensa a ƙone
kamar an gitta shi kan garwashi, alhali sanyi ne.
In yi ta ɓara, biyar, shida, bakwai,
kan da ya zo kamar tulu
ya koma bai fi dunƙulen hannuna ba.
Dillali ya ɗaga murya: feso sittin!
Manomi ya yi murmushi iya leɓe.
Tsada ta zo masa baƙunci,
ta tarar da kwandonsa rabi.

Shekarar da sama ta yi kirki, ita ce ta kuka.
Kowa ya shuka tare, kowa ya girbe tare,
motoci a jere tun daga gada har ƙofar coci.
Da hantsi feso takwas.
Da rana biyar.
Da yamma ko mai tayawa babu.
Da idona na ga Lakay Bestre,
tsohon da gwiwarsa ke ƙara in zai tashi,
ya juye karas mota guda a bakin kwari.
Ya ce man da zai mai da shi gida
ya fi kayan daraja.
Ya zauna kan taya, ya kunna taba.
Awakin unguwa ne suka ci ribar noman bana.

Sai Agusta.
Guguwa ta taso daga teku ba sallama,
kwana biyu ruwa kamar da bakin ƙwarya.
Dutse ya zame ya kwanta a hanyar Halsema,
ƙanena Ambrosio yana can bayansa
da latas tan biyu a ƙarƙashin tamfol.
Kwana na farko yana yayyafa masa ruwa.
Na biyu ya daina.
Na uku wari ya kore shi daga motar,
ya kwana a barandar wata makaranta.

A daren ne 'yata Erlinda ta kira daga Manila.
Ta ce, Inna, yau an tsaga min kabeji gida huɗu,
na sayi ɗaya, feso hamsin,
mai sayarwa har tana cewa ta yi min ragi.
Na yi shiru.
Can yana ruɓewa, nan ana yanka shi kamar nama,
tsakaninsu tulin laka da ba ta san kowa ba.
Ga ƙoshi, ga kwanan yunwa.

Ni dai ladana ba ya hawa, ba ya sauka:
feso goma kowane buhu,
ko kabeji ya zama zinariya, ko ya zama shara.
Ganyen da na yar nake tsincewa da yamma,
in wanke, in zuba tafarnuwa da ɗan busasshen kifi.
Jikana ya ce, Kaka, kullum shi ke nan?
Na ce ci, wannan ne ya sha rana da sanyi
domin na cikin ya isa birni da kyansa.

Yau da asuba na fito, hazo ya rufe Puguis,
tururuwa na hawa bango da ƙwai a baki.
Ban gaya wa dillali ba.
Na wasa wuƙata, na ja kujera,
na ce wa Ambrosio ya yi lodi da wuri.